Shaidar da Ban Bayar Ba a Shari'ar Yaya Tukur

Shekara talatin da shida ke nan da rasuwar Yaya Tukur, kuma a cikinsu babu shekarar da ban ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wannan ba, sai in sake ajiyewa. Bana na cika saba'in da biyu. Likita ya fara yi mini maganar zuciya da irin muryar nan da suke lallashin tsofaffi da ita, sai na ga idan na sake ajiyewa, wataƙila shi ke nan.

Ba mu haɗa uwa ko uba da shi ba. Ni mutumin Gwarzo ne, shi mutumin Kura. A ƙarshen shekarun 1970 na sauka a tashar bas ta Greensboro, a jihar North Carolina ta Amurka, da akwati ɗaya da takardar shiga jami'a da lambar wayar wani mutum da ban taɓa gani ba. Ya zo cikin wata tsohuwar mota ruwan ƙasa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne Lawal? Ɗauko kayanka, Rabi ta tuƙa tuwo." Wata huɗu na yi a ƙaramin gidansu na haya a unguwar Glenwood kafin in kama ɗakin kaina. Matarsa, Anti Rabi, ita ta koya mini yadda ake shiga bas ɗin gari, da yadda ake tuƙa tuwo da garin da Turawa ke kunun safe da shi. 'Yarsu Hadiza tana goye a lokacin. Hausawan garin gaba ɗaya ba mu cika sahu biyu a sallar Idi ba.

Greensboro a wancan zamanin garin masaƙu ne. A nan ake saƙa yadin wandon jins, kuma shuɗin nan nasa shuni ne, irin wanda iyaye da kakannin Yaya Tukur suka tsufa suna tsoma hannu a ciki a marinar Kura. Shi ya karanci ilimin sinadarai har digiri na biyu, ya sami aiki a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun. Yakan yi dariya ya ce, "Na tsallaka teku don in guje wa rini, ga ni a marina." Amma yana son aikin. Yakan kalli kumfar da ke kan tanki ya gaya maka ko rinin ya nuna, tun kafin a kai shi ɗakin gwaji. Faratansa kullum shuɗi ne, sabulu ba ya fitar da shi.

Bizata ta ɗalibi ce, ba ta ba ni damar yin aiki a wajen jami'a ba. Duk da haka na yi. Wani ɗan kwangila yana kwasar mu ranar Asabar mu wanke tankunan masaƙu, ba ya tambayar takardar kowa. Ranar da Yaya Tukur ya fara ganina a masaƙarsu da buroshi a hannu, ransa ya ɓaci. Ya ce idan aka kama ni, ranar za a sa ni a jirgi, karatun ya tashi a banza. Na ce masa na ji. Asabar ta zagayo na koma.

Wata Asabar da hantsi, a shekarata ta biyu a garin, ina durƙushe a bayan babban tanki ina kankare ƙasansa, sai na ji muryarsa da ta manajan sashen, wani Bature da ake kira Mista Roy. Tsakanina da su bai fi taku biyar ba, tankin ne kawai ya kare ni. Yaya Tukur ya ce masa mahaɗar bututun da ke kawo ruwan soda ta ci, tana ɗiga, kuma kada a kunna layin ranar Litinin sai an canza ta. Ruwan sodan nan idan ya taɓa fata, cinye ta yake yi. Ya faɗa sau biyu, a hankali, kamar yadda yake magana kullum. Mista Roy ya ce akwai kayan da dole su fita a makon, kuma bai ɗauki kowa aiki daga daji don ya koya masa bututu ba. Ya ƙara da wata kalma da ba zan rubuta ta a jarida ba. Yaya Tukur ya ce zai rubuta a littafin sashe. Mista Roy ya ce ya rubuta a duk inda ya ga dama.

Ranar Talata bututun ya fashe. Wani ma'aikaci baƙar fata mai suna Leon, wanda suke cin abincin rana tare da Yaya Tukur kusan kullum, shi ne ke tsaye a wurin. Ya rasa ido ɗaya, rabin fuskarsa ya ƙone. Kafin mako ya zagayo, kamfani ya ce duba bututun aikin Yaya Tukur ne kuma bai taɓa kai rahoto ba. Littafin sashe aka ce an neme shi ba a gani ba. Aka ba shi kwali ya zuba kayansa, mai gadi ya raka shi bakin ƙofa.

Na je gidansu da la'asar a ranar. Yana zaune a barandar gaba, Anti Rabi tana ciki. Na ce masa, "Yaya, ina bayan tankin. Na ji komai."

Ya ce, "Na sani, na ga takalmanka. Amma daga yau, Lawal, ba ka wurin. Ka ji ko?"

Na ce, "To in suka ƙaryata ka fa?"

"Zan kai su kotu. In alƙali ya gane gaskiya, shi ke nan. In bai gane ba, akwai na sama da shi. Kafin nan ka gama karatunka, sai ka zo ka faɗi abin da ka ji, babu abin da za su iya yi maka."

Na amsa da "to". Har yau ina jin kunyar saurin da na yi wajen faɗinta.

Ya kamata in bayyana inda ya samo wannan tabbaci. Yana yaro, wani mai hali ya ƙwace wa mahaifinsa gona, alƙalin garinsu ya ba mai halin gaskiya. Mahaifin ya ɗaukaka ƙara zuwa birni. A can, kamar yadda Yaya Tukur ke ba da labari, aka sake kiran dattawan da suka san iyakar gonar, aka saurare su ɗaya bayan ɗaya, aka mayar wa tsohon gonarsa. Yana tsaye a bayan mahaifinsa ranar. Da wannan ya girma: cewa ɗaukaka ƙara dama ce ta biyu, inda ake sake buɗe magana tun daga farko a gaban wanda ya fi ilimi. Ya ɗauka idan haka abin yake a gida, to a Amurka sai abin da ya fi. Mutum ne mai digiri biyu, amma bai taɓa tunanin ya tambaya ba, ni ma ban tambaya ba, don amsar da nake so na riga na samu.

Ya sami lauya, wata mace baƙar fata mai ƙaramin ofis a tsakiyar gari, ta shigar da ƙara a kotun tarayya cewa an kore shi ne saboda launinsa da asalinsa, aka kuma ɗora masa laifin wani. Bai gaya mata labarina ba. Kusan shekara biyu aka yi ana musayar takardu kafin a zauna. A lokacin ina tsakiyar karatun digiri na uku, har yanzu da bizar ɗalibi.

Kwana uku aka yi ana shari'ar, alƙali ɗaya ne ke saurare kuma shi zai yanke. Ina zaune a benci na ƙarshe. Mista Roy ya zo cikin kwat mai kyau, ya rantse, ya ce bai taɓa jin maganar bututu daga bakin kowa ba, ya ce abin da ya sami Leon ya hana shi barci. Har ya ciro hankici. Da aka zo kan Yaya Tukur, lauyan kamfani ya matso kusa da shi ya tambaye shi, wannan gargaɗi da yake cewa ya yi, akwai wani mahaluki da ya ji? Yaya Tukur ba ya ƙarya, balle bayan rantsuwa. Ya ce, "Ni da shi ne muke maganar." Lauyan ya yi murmushi ya koma kujerarsa. Yaya Tukur bai dubi bayan ɗakin ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina riƙe da gefen benci, ƙafafuna sun ƙi tashi, ko kuma ni na ƙi tayar da su. Na daɗe ina zaɓar ta farko idan ina ba kaina labarin.

Alƙalin ya yanke cewa ya saurari mutanen biyu, ya kuma fi gaskata manajan.

Bayan kwana biyu muka je ofishin lauyar tare. Saura mini wata uku in kare kundin digirina, kuma na gaji da kaina. Yaya Tukur ya zauna da fara'arsa, ya ce mata yanzu sai ɗaukaka ƙara, kuma ga shaidar da zai gama komai. Na ba ta labarin Asabar ɗin tun daga farko. Tana rubutu, sai ta tsaya, ta ajiye biro, ta cire tabarau. Ta tambaye shi tun yaushe ya san ina wurin. Ya ce tun ranar. Ta rufe fuskarta da hannu biyu.

Abin da ta bayyana mana a ranar na haddace shi fiye da duk abin da na karanta a jami'a. Ta ce kotun ɗaukaka ƙara ba ta sauraren shaidu. Ba ta da ma wurin da shaida zai tsaya. Huruminta shi ne ta karanta abin da aka rubuta a kotun ƙasa, ta duba ko alƙalin ya yi kuskure wajen aiki da doka. Amma maganar wa ya faɗi gaskiya, wa ya yi ƙarya, wannan ta alƙalin da ya ga fuskokinsu ce, ba a taɓa ta sai idan kuskuren ya fito fili ƙarara daga cikin takardun. Abin da ba a faɗa a ɗakin farko ba, a wurinsu bai faru ba.

Yaya Tukur ya ce, "To ba su ne na sama ba?"

Ta ce su ne na sama, amma doka ta shata musu iyaka.

Ya ce, "Ko da sun san an yi ƙarya?"

Ta ce ba su da hanyar sani.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ta rubuta shaidata, na rantse na sa hannu, ta kai wa alƙalin farko ta roƙe shi ya sake buɗe shari'ar. Ya ƙi. Ya ce sabuwar shaida ita ce wadda mutum bai san da ita ba, wannan kuwa mai ƙara ya san da ita tun ranar farko, shi ya zaɓi ya ɓoye. Wato alherin da ya yi mini shi aka ɗauka aka rufe masa ƙofa da shi. Abin da ya fi ci mini rai kuma, takardar da na sa wa hannu tana ɗauke da sunana da aikin da na yi ba bisa ƙa'ida ba, ta shiga kundin kotu, kuma babu wanda ya taɓa zuwa nemana. Ko wasiƙa ba a aiko mini ba. Abin da na ji tsoro har na bari aka tozarta mutumin da ya ciyar da ni, bai ko ɗaga kai ya dube ni ba.

Duk da haka aka ɗaukaka ƙarar. Bayan fiye da shekara aka sa rana. Kotun tana wani birni a arewa da mu, tafiyar kusan awa huɗu a mota. Muka tashi bayan asuba a tsohuwar motarsa, ni ke tuƙi. Ya sa farar shadda da hula, abin da ban taɓa ganin ya yi ba sai ranar Idi. A hanya bai yi maganar shari'a ba. Ya yi ta ba ni labarin yadda ake haɗa rini a Kura, da toka da shuni, da kwanakin da ake jira kafin a tsoma zane.

Ɗakin kotun ya yi kyau, katako ko'ina yana ƙyalli. Alƙalai uku suka zauna a sama. Na ga Yaya Tukur yana waige-waige, na gane abin da yake nema: duk da bayanin da aka yi masa, yana duba ko akwai kujerar shaida. An ba kowane lauya 'yan mintoci, da wata ƙaramar fitila a gabansa da ke canzawa daga kore zuwa ja. Lauyarmu ta fara magana, ba ta yi nisa ba ɗaya daga cikin alƙalan ya katse ta, ya tambaye ta a wane shafi na kundin farko aka nuna cewa manajan ya yi ƙarya. Wani dattijo a cikinsu ya yi wa lauyan kamfani tambayoyi masu zafi kan littafin da ya ɓata, har na fara sa rai. Sai fitila ta yi ja. Shekara huɗu na rayuwar mutum, ba a cika awa ɗaya a kansu ba. Babu wanda ya tambaye shi ko sunansa.

Da aka tashi, alƙalan suka sauko daga kujerunsu suka gaisa da lauyoyin hannu da hannu, ana murmushi. An ce al'adarsu ce, ta mutunci. Yaya Tukur ya miƙe a bayan shingen katakon da ya raba mu da su, ya gyara hularsa, ya ɗan miƙa hannu. Suka juya suka fita ta ƙofar baya. Ya mayar da hannun cikin aljihu.

Hukuncin ya zo ta gidan waya bayan watanni, shafi huɗu ko biyar. Sun tabbatar da na ƙasa. Akwai wuri ɗaya da ya sa na karanta masa sau uku, inda suka nuna cewa da su ne suka zauna a kujerar alƙalin farko, mai yiwuwa da sun ga abin daban, amma wannan bai ba su ikon rushe abin da ya gani ba. Ya karɓi takardar ya ninke. Ya ce, "Ka ji, Lawal? Sun yi zaton ina da gaskiya. Ikon faɗa ne ba su da shi." Anti Rabi tana tsaye a ƙofar kicin. Ba ta dube shi ba, ni ta duba. Tun daga ranar ba ta taɓa yi mini magana mai zafi ba, kuma ba ta taɓa yi mini magana mai daɗi ba. Gaisuwa ce cikakkiya, da tambayar iyali, shi ke nan.

Babu masaƙar da ta sake ɗaukar sa a duk yankin. Manajojin sun san juna, kuma yanzu akwai hukuncin kotu biyu da ke bayan maganarsu. Ya koma wanke motoci a wani filin sayar da tsofaffin motoci a titin High Point, daga baya ya haɗa da ɗaukar kaya a wani sito a titin Wendover. Shuɗin faratansa ya fita a hankali. Na ce masa ya dawo gida, jami'o'i suna neman irinsa. Ya ce ba zai sauka a Kura a matsayin wanda ya makantar da mutum ba.

Wannan ce ta fi cin sa, fiye da aikin. Wata rana muna tare a wani kantin kayan abinci, muka yi kaciɓis da Leon a tsakanin kantoci, da baƙin ƙyalle a kan idonsa. Yaya Tukur ya kira sunansa. Leon ya tsaya, ya dube shi da idon da ya rage, ya ce alƙalai huɗu sun duba maganar, shi me zai ce? Ya tura kekensa ya wuce. Na bi shi har wurin ajiye motoci ina cewa ni na ji, ina wurin, ga abin da aka faɗa. Ya tambaye ni, to ina nake lokacin da ake tambaya? Ya rufe ƙofar motarsa.

Na dawo gida da digirina na kama koyarwa. Bayan shekara uku wasiƙa ta iso ni a Zariya, ta yi kusan wata a hanya. Yaya Tukur ya faɗi ne da rana tsaka a filin motocin, da bokiti a hannu, jini ya hau masa kai. Bai kai hamsin ba. An binne shi a ɗan ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan gari. An ce mutum goma sha wani abu ne suka sallace shi, kuma lauyar ta zo, ta tsaya daga nesa da ɗankwali a kanta.

A shekarun nan na zauna da lauyoyi da alƙalai da dama, wasu ɗalibaina ne a da, na ba su labarin ba tare da na ce ni ne a bayan tankin ba. Duk amsarsu ɗaya. Sun ce ƙa'idar tana da dalili: wanda ya ga mai shaida yana gumi ko yana kauce wa ido ya fi wanda ya karanta maganarsa a takarda sanin gaskiyarsa, kuma idan kowace kotu za ta sake shari'a daga farko, babu shari'ar da za ta ƙare, mai kuɗi ya yi ta jan talaka har ya mutu. Na fahimta. Ban ce a rushe ta ba. Amma alƙalin farko ya ga fuskar Mista Roy, ya ga hankicinsa, kuma daga ganin ne ya ɓata. Wane ne aka tanada don irin wannan ranar? Na tambaye su, sai su ce ai shi ya sa ake kawo shaidu tun da wuri. Daga nan maganar ta dawo inda ta dace, wato kaina.

Nakan yi tunanin me Yaya Tukur zai ce da ya ga yau. A nan gida yanzu har mai shayi ya san kalmar ɗaukaka ƙara, saboda shari'o'in zaɓe. Ina jin mutane a majalisa suna cewa bari a je sama, can za a gane gaskiya, da irin muryar da ya yi mini magana da ita a baranda. Ina ganin zai saurare su, ba zai katse su ba, sannan ya ce musu duk wanda yake da abin faɗa ya faɗe shi a ɗakin farko.

Bara na koma Greensboro, karo na farko tun da na baro. Titin High Point an sauya masa suna zuwa Gate City Boulevard. Filin motocin ya zama wurin cin abinci. Masaƙun sun daina saƙa, wasu an mai da su gidajen haya masu tsada, matasa suna shan kofi a inda tankuna suke. Hausawa sun yi yawa, akwai na Nijar da na Gana, akwai kantin da za ka sayi daddawa da kuka. Ranar Juma'a na ga sahu fiye da yadda zan ƙirga. Na tambayi dattawa biyar ko shida, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Na ji ɗacin haka ƙwarai, sai na tuna ba laifinsu ba ne.

Hadiza ce ta kai ni kabarinsa. Yanzu ta kusa hamsin, tana aikin haɗa magani a asibiti, Hausarta tana da gargada amma tana dagewa. A hanyar dawowa ta tsayar da mota ta ce, "Baba Lawal, bari in nuna maka wani abu." Ta buɗe wayarta. Hukuncin nan mai shafi huɗu ko biyar yana nan a cikin littattafan shari'a, kowa zai iya karantawa. Ta ce wata ƙawarta lauya ta duba mata, ta ga har yanzu lauyoyin kamfanoni sukan kafa hujja da shi idan suna so su tuna wa kotu cewa ba ta da hurumin sake auna shaida. Wato duk lokacin da wani ya zo da irin fatan da mahaifinta ya zo da shi, ana iya ɗauko sunan mahaifin a mayar da shi gida da shi. Na karɓi wayar na duba saman shafin. Sunan ma ba su rubuta shi daidai ba. Sun juya harufa biyu, sun mai da sunan garinsu sunan mahaifinsa, ya koma sunan wani mutum da ba a taɓa haifa ba.

Idan aka ɗora a sikeli, abin da ya rage nasa a wancan ɓangaren ke nan. A wannan ɓangaren akwai Hadiza da 'ya'yanta uku, akwai ɗaliban da ya ɗauko daga tashar bas bayana waɗanda yanzu furfura ta cika musu kai, akwai ni da duk abin da na zama, wanda aka saya da shirun da ya umarce ni da shi kuma na karɓa da hannu biyu. Na kasa auna wanne ya rinjayi wanne. Wasu ranaku nakan ce ya yi abin da mutumin kirki ke yi, sakamakonsa yana wurin da ba a ɓatar da littafi. Wasu ranakun kuma fushi nake yi da shi, don ya yanke hukunci a kaina bai bar ni na zama mutum ba, sannan in tuna cewa ƙofar ɗakin kotun a buɗe take, babu wanda ya ɗaure ni a benci.

Anti Rabi, wadda yanzu Hajiya ce, tana zaune a wurin Hadiza, ta kai tamanin. Makon jiya na kira ta a waya. Muka gaisa kamar kullum, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata, "Hajiya, ina so in rubuta abin da ya faru a jarida, har da nawa a ciki. Ban so in yi ba tare da izininki ba."

Ta ce, "Yanzu, Lawal?"

Na ce, "Yanzu, Hajiya."

Ta ce, "Ba zai dawo masa da komai ba. Amma rubuta. Ka dai rubuta sunansa daidai."

Sunansa Muhammadu Tukur, ɗan Malam Isiyaku marini, mutumin Kura. Ya gargaɗe su, na ji da kunnena. Allah ya haskaka makwancinsa, ya yi masa shari'ar da ba ta buƙatar shaidar irina.